Ƙurar Maƙerin Zinariya da Tarkacen Masana'antun Lantarki

Akwai wata tambaya da malaman fiƙihu da masana falsafa suka yi tarayya a cikinta tun da daɗewa, wato inda dukiya ta tsaya shara ta fara, da lokacin da ya halatta mutum ya ce wani abu ya tashi aiki, ya zubar da shi ba tare da ya ɗauki alhaki ba. Tambayar ta sake tasowa a wannan zamani ta wata kafa da magabata ba su sani ba, wato manyan masana'antun da ke ƙera kayan lantarki a ƙasashe irin su Sin da Taiwan da Koriya ta Kudu da Japan, inda ake shigar da zinariya da azurfa da faladiyam, wani farin ƙarfe mai tsada daga dangin filatinam, cikin allunan da ke tafiyar da wayar salula da kwamfuta da injin mota. An zaɓi zinariya ga wannan aiki ne saboda ba ta tsatsa, lantarki yana ratsa ta cikin sauƙi, kuma ana iya jan ta ta zama zare wanda bai kai kaurin gashin kai ba, a haɗa ƙwaƙwalwar na'ura da ƙafafunta da shi. Sai dai ba duk abin da ya shiga masana'anta ne ke fita cikin kayan sayarwa ba. Wani yana maƙalewa a gefunan allunan da aka datse, wani yana tafiya da allunan da suka faɗi gwaji, wani yana narkewa cikin ruwan sinadarin da ake tsoma kaya domin su ɗauki rufin zinariya, wani kuma yana ƙarewa a jikin tsummokan goge-goge da safar hannun ma'aikata da ƙurar da ake sharewa daga daɓen ɗakin aiki.

Masana wannan fanni sun kasa tarkacen gida biyu. Akwai sabon tarkace, wato abin da ya zube a cikin masana'anta tun kaya ba su kai hannun mai saye ba, akwai kuma tsohon tarkace, wato na'urorin da suka gama yi wa mutane aiki aka jefar. Na farkon ya fi sauƙin sha'ani, domin a wuri ɗaya yake tare, an san abin da ke cikinsa, mai shi kuma kamfani ne da ke lissafin kowane giram. Na biyun kuwa a warwatse yake cikin gidaje da shaguna da juji. Rahoton da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na tsohon tarkace, kashi 22.3 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata, alhali an ƙiyasta kuɗin ƙarafan da ke ciki a kan dala biliyan 91, dala biliyan 15 daga ciki na zinariya ne. A yawancin mahaƙan zinariya tan ɗaya na dutse ba ya ba da fiye da giram 5, ma'ana sai an fasa an niƙe tan 200 ko fiye kafin a haɗa kilo ɗaya, yayin da tan ɗaya na allunan kwamfuta ko na waya yana iya ƙunsar giram 200. Wannan rata ce ta sa masana a Jami'ar Tohoku ta Japan suka fara kallon birane a matsayin mahaƙai tun shekarun 1980, ita ce kuma ginshiƙin abin da ake kira tattalin arziki mai kewayawa, wato tsarin da ake so abin da aka haƙo ya riƙa zagayawa tsakanin masana'anta da mai amfani da matata, maimakon a haƙo, a ƙera, a mora, a binne.

Asalin da Musulunci zai kalli wannan al'amari da shi shi ne hani ga tozarta dukiya, wanda ya zo a hadisin Mugira ɗan Shu'uba da Buhari da Muslim suka ruwaito, tare da ayoyin da suka soki almubazzaranci a Suratul Isra'i da wuce iyaka a Suratul A'arafi. Amma nassin da ya fi kusa da batun tarkace shi ne hadisin Abdullahi ɗan Abbas a kan tunkiyar da aka ba wata 'yantacciyar baiwar Nana Maimuna sadaka, ta mutu aka jefar da ita, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce ta wurin ya tambayi abin da ya hana su feɗe fatar su jeme ta su amfana, da suka kafa hujja da cewa mushe ce sai ya bayyana musu cewa cin naman ne aka haramta. Malaman Malikiyya sun yi taka-tsantsan a nan, domin Ibn Abi Zaid a cikin Risala ya yarda a yi amfani da jemammiyar fatar mushe amma ya hana a yi salla a kanta ko a sayar da ita. Duk da haka ba su yarda a bar ta ta ruɓe a banza ba. Abin lura ga mai nazari shi ne, fatar ba ta canja ba tsakanin lokacin da aka yar da ita da lokacin da aka ce a ɗauko ta. Mutanen gidan sun yanke wa tunkiyar hukunci ɗaya gaba ɗayanta, aka koya musu su rarrabe tsakanin sashen da ya ɓaci da wanda majemi zai iya cetowa. Ke nan kiran abu shara hukunci ne da ya dogara ga sani da iyawar mai kiran, kuma yana iya zama kuskure.

Daga nan wani sakamako mai nauyi ke biyowa. Tunda Allah bai ɗora wa rai sai abin da zai iya, kamar yadda ƙarshen Suratul Baƙara ya tabbatar, to wanda ba shi da hanyar raba zinariya da roba ba a tuhumar sa idan ya jefar da lalatacciyar rediyo. Amma kamfanin da ke da masana sinadarai da kuɗi da matatun da ke jiran kayansa, idan ya tuttular da ruwan rufin zinariya a magudana, ya faɗa cikin hanin tsundum. Iyakar shara tana ja da baya gwargwadon ci gaban ilimi, alhaki kuma yana ƙaruwa tare da shi. Mai ja zai ce dukiyar kamfani tasa ce, yana da ikon yin abin da ya ga dama da ita. Amsar tana cikin yadda Alƙur'ani ya siffanta mallaka: Suratul Hadidi ta nuna cewa mutane wakilai ne a kan abin da ke hannunsu, Suratun Nisa'i kuma, da ta hana a damƙa wa wawa dukiya, ta jingina dukiyar ga al'umma duk da cewa tasa ce, daga nan malamai suka ciro hukuncin hana almubazzari tasarrufi. Akwai wani jan da ya fi wannan ƙarfi, wato cewa kashe dinari domin a ceto dirhami shi ma tozarta dukiya ne, saboda haka inda kuɗin tacewa ya wuce kuɗin ƙarfen babu laifi a zubar. Wannan gaskiya ne, da sharaɗin lissafin ya zama cikakke, domin sau da yawa zubarwa tana yin araha ne kawai saboda wani dabam ne zai biya kuɗinta da rijiyarsa ko gonarsa ko lafiyar 'ya'yansa.

Littattafan fiƙihu ba su tsaya a kan asali kawai ba, sun yi magana a kan wata mas'ala da ta yi kama da tarkacen masana'anta ƙwarai da gaske, wato ƙurar maƙerin zinariya da azurfa. Maƙeri yana gugar ƙarfe yana narka shi, ɓurɓushi yana zuba cikin toka da ƙasar shago, a ƙarshe a share a tara, wasu mutane kuma su zo su saya su wanke su narka domin su fitar da abin da ke ciki. Ibn Rushd na Kurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya kawo saɓanin a cikin Bidayatul Mujtahid: Imamu Malik ya halatta sayar da ƙasar mahaƙa da kuɗin da ba jinsinta ba ko da haja, amma bai halatta sayar da ƙurar maƙera ba, Imamu Shafi'i ya hana duka biyun, wasu kuma, cikinsu har da Hasanul Basari, sun halatta duka biyun. Dalilin hanin shi ne abin da malamai ke kira garar, wato cinikin da ba a san haƙiƙanin abin da ake saye ba, ta yadda ribar ɗaya ta rataya ga asarar ɗayan. Masu sharhi a mazhabar Malik sun bayyana bambancin da cewa rashin sanin yana da sauƙi a ƙasar mahaƙa, tunda gwanaye suna iya kintata ta da ido, amma ya yi tsanani a sharar shago, wadda mai yiwuwa tana ɗauke da abu mai yawa, mai yiwuwa kuma babu kome a cikinta. Shehu Halilu, marubucin Muhtasar da ya rayu a Masar a ƙarni na 14, wanda littafinsa ke hannun almajiran ilimi a zaurukan ƙasar Hausa har yau, ya ƙara da hukuncin abin da za a yi idan cinikin ya riga ya auku: mai saye zai mayar da kayan ko da ya riga ya tace su, a biya shi ladan aikinsa.

Kusa da wannan akwai hadisin Fadala ɗan Ubaid a Sahihu Muslim, wanda ya sayi abin wuya mai zinariya da duwatsu a ranar Haibar a kan dinari 12, da ya rarraba sai ya tarar zinariyar kaɗai ta wuce dinari 12, aka hana sayar da irin wannan sai an rarrabe. Imamu Malik ya yi sassauci ga takobi ko Alƙur'anin da aka yi wa ado da zinariya ko azurfa idan adon bai wuce sulusin ƙimar kayan ba, domin a nan adon mabiyi ne, ba shi aka nufa da ciniki ba. Wannan rarrabewa tana haskaka wani abu mai ban sha'awa game da allon lantarki. Wayar salula ɗaya tana ɗauke da kimanin miligiram 30 na zinariya, wato sai an tara wayoyi kusan 3,000 kafin a cika nisabin zakka na giram 85, babu kuma mai sayen waya domin zinariyar da ke cikinta, don haka ba wanda zai ce cinikin waya cinikin zinariya ne. Amma ranar da wayar ta mutu, ko allon ya faɗi gwaji a masana'anta, sai al'amarin ya juya: abin da yake mabiyi jiya shi ne abin nufi yau, roba da gilashi su koma mabiya. Abu ɗaya ne, hukuncinsa ya canja saboda manufar masu ciniki ta canja, daga wannan lokaci kuma duk ƙa'idodin da aka gindaya wa cinikin zinariya sun fara neman shiga.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne yadda manyan matatu na yau suka warware matsalar garar, ba don sun karanta Muhtasar ba, sai don kamfanoni ba sa yarda su sayar da abin da ba su san yawansa ba. Idan kaya suka isa matata irin ta kamfanin Umicore da ke Hoboken kusa da birnin Antwerp na Beljiyam, wadda ke fitar da ƙarafa iri 17, ko ta Boliden da ke Rönnskär a arewacin Suwidin, sai a auna nauyinsu, a daddatsa su, a niƙa ko a narka har su gauraya su zama bai ɗaya, sannan a ɗebi samfur a kasa shi: kashi ɗaya na matata, ɗaya na mai kaya, ɗaya kuma a rufe a ajiye domin wani ɗakin gwaji mai zaman kansa da zai raba gardama idan sakamakon ɓangarorin biyu ya saɓa. Asalin gwajin tsoho ne, ya girmi Musulunci da ƙarnoni. Ana narka samfurin tare da dalma, dalmar ta tattaro duk zinariya da azurfar da ke ciki ta kwanta a gindin kasko, a ciro dunƙulen a ɗora shi cikin wani ƙaramin kasko mai tsotso da ake yi da tokar ƙashi, a mayar cikin wuta, kaskon ya shanye dalmar ya bar wani ɗan ɗigo mai sheƙi a tsakiya, a raba azurfa da zinariya da asid, a auna abin da ya rage a kan sikeli mai tsananin daidaito. Bisa wannan awo ne ake rubuta wa mai kaya nauyin ƙarfensa, ko a mayar masa da shi ko a biya shi da farashin kasuwa, matata kuma ta ɗauki ladan tacewa. Ƙarfe ga mai shi, lada ga mai tacewa: wannan shi ne ainihin hukuncin da Shehu Halilu ya yanke.

Ba a ce kome ya warware ba. A cikin tanderun matata kayan mutane da yawa ne ke gauraya, tagulla ta tsotse ƙarafa masu daraja daga dukkansu, a raba su daga baya da lantarki da sinadarai, don haka zinariyar da aka mayar wa kamfani bayan makonni ba ita ce ya kawo ba, kwatankwacinta ce. Shin wannan ijara ce, wato hayar aiki, ko musayar zinariya da zinariya ce tare da ƙari da jinkiri, wadda riba ke shiga? Magabata sun taɓa irin wannan a mas'alar matafiyin da ya kai ɗanyar zinariyarsa gidan buga kuɗi ya karɓi bugaggun dinarai daidai nauyinta ya biya lada, inda aka ruwaito sassauci daga Malik saboda larurar tafiya, wasu manyan mazhabar kuma suka ƙi. Mas'ala ce da ta cancanci malaman yau su zauna a kanta tare da masu sana'ar, domin fatawar da aka bayar ba tare da sanin abin da ke faruwa a cikin tanderu ba, za ta tsananta inda bai kamata ba ko ta sassauta inda bai kamata ba.

Sai dai wannan adalci na samfur da sikeli na manyan kamfanoni ne. A ɗaya ƙarshen sana'ar akwai 'yan gwangwan da 'yan bola jari, da yawansu samari ne daga arewacin Najeriya da ke tura kura a titunan Legas da Abuja da Kano, suna sayen matattun wayoyi da allunan da masu gyara ke kira fanel, su sayar wa dila, dila ya sayar wa mai tarawa, mai tarawa ya loda zuwa ƙetare inda ake tacewa. A kowane hawa na wannan ciniki mai saye ya fi mai sayarwa sanin abin da ke cikin kayan, na ƙasa kuwa yana sayarwa ne da ido ko da kilo. Rashin sanin nan ya fi na ƙurar maƙeri muni ta wata fuska, domin a can duka ɓangarorin ba su sani ba, a nan kuwa gefe ɗaya ne ke cikin duhu, abin da ya kusantar da shi ga dalilin da ya sa aka hana tare fatake a hanya kafin su isa kasuwa su ji farashi. Ba daidai ba ne a fahimci wannan a matsayin kira ga haramta wa talaka abincinsa. Allunan da aka rarrabe bisa irinsu, na waya daban, na kwamfuta daban, na talabijin daban, sun fi kama da ƙasar mahaƙa da gwani ke iya kintatawa, don haka akwai fili na halatta cinikinsu. Sharar da aka cakuɗa da tokar ƙone-ƙone da laka su ne suka fi kama da ƙurar maƙeri. Gyaran da ake bukata aikin hisba ne a ma'anarta ta asali, wato sa ido a kan kasuwa: sikeli na gaskiya, matakan kaya da kowa ya sani, da farashin da ake bayyanawa a fili.

Batun da ya fi garar nauyi shi ne cuta. Aya ta 17 a Suratur Ra'adi ta buga misalin gaskiya da ƙarya da ƙarfen da ake zuga wa wuta domin a yi kayan ado ko kayan aiki, kumfa ya taso a samansa ya tafi a banza, mai amfani ya zauna. Ayar misali ce ga zukata, ba ta zo domin koyar da sarrafa dattin maƙera ba, amma duk wanda ya san aikin tacewa ya san cewa abin da aka kwashe daga saman narkakken ƙarfe dole ya sauka a wani wuri. A garin Guiyu na lardin Guwangdong a Sin, wanda ya daɗe yana cikin manyan cibiyoyin fasa tarkacen lantarki a duniya, mutane sun shafe shekaru suna gasa alluna a kan garwashi domin dalmar like ta narke, suna jiƙa su cikin asid a bakin kogi suna tuttular da ragowar, wani binciken da aka buga a 2007 kuma ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da aka gwada a garin suna da dalma a jininsu sama da iyakar da likitoci suka sa a lokacin. A Agbogbloshie da ke Akara, kafin hukuma ta rushe kasuwar a Yulin 2021, samari da yawansu 'yan ci-rani daga arewacin Gana suna ƙona wayoyin wuta domin su fitar da tagulla, suna shaƙar hayaƙin. Ko matatar Hoboken, duk da na'urorinta na tace hayaƙi, ba ta tsira gaba ɗaya ba, domin a 2020 an ga dalma ta hau a jinin yaran unguwar Moretusburg da ke maƙwabtaka da ita, har kamfanin ya shiga sayen gidajen da suka fi kusa domin a mayar da wurin fili.

Malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi sun jera abubuwa biyar da shari'a ta zo ta kare: addini, rai, hankali, zuriya, da dukiya, kuma dukiya ba ta gabatar rai idan sun yi karo. Dalma tana taɓa uku daga cikin biyar ɗin a lokaci guda, tana kashewa, tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro har abada, tana kuma ratsawa daga uwa zuwa ɗan da ke cikinta. Ke nan ceto zinariya ta hanyar da ke sa wa yara guba bai cika umurnin kiyaye dukiya ba, ya karya ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa, wadda ke cikin Muwaɗɗa kuma kowane ɗalibin Arba'una ya haddace. Amma wannan ba hujja ba ce ga mai cewa a bar tarkace a koma rami, kuma Zamfara shaida ce: a 2010 aka gano cewa ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta kashe yara kimanin 400, ta bar dubbai da guba a jini. Haƙa tana da nata matattun. Zaɓin da ke gaban mai hankali yana tsakanin tacewa mai kariya da tacewa marar kariya, sannan a tambayi wanda ya wajaba ya biya kuɗin kariyar. Fiƙihu yana da amsa a ƙa'idar da ta haɗa cin riba da ɗaukar lamuni, wato wanda ya ci moriyar abu shi ke ɗauke da asararsa. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 da ta ɗora wa masu ƙera kayan lantarki nauyin tattara su bayan sun mutu tana kan wannan turba, haka ma yarjejeniyar Basel ta 1989 da ta Bamako ta 1991 da suka taƙaita jigilar datti mai guba zuwa ƙasashe matalauta, waɗanda abin da ya faru a garin Koko na Najeriya a 1988, inda aka jibge gangunan guba daga Italiya, yana cikin abubuwan da suka zaburar da su.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya a kan iyakar abin da wannan kewayawa za ta iya. Mahaƙan duniya suna fitar da zinariya kimanin tan 3,600 a shekara, wadda aka sake narkawa tana cike kusan rubu'in abin da ke shiga kasuwa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wannan daga tsofaffin sarƙoƙi da awarwaro ne, ba daga kayan lantarki ba. Masana'antun lantarki gaba ɗaya ba sa cin ko ushirin zinariyar da ake saye a shekara. Sauran tana tafiya ga kayan ado da masu ajiya da manyan bankunan ƙasashe. Japan ta yi abin yabo da ta ƙera lambobin yabo kusan 5,000 na wasannin Olamfik da na naƙasassu na Tokiyo daga tarkace, amma sai da aka shafe shekara biyu ana tattara na'urori kusan tan 79,000 da wayoyi fiye da miliyan 6, aka samu zinariya kilo 32 da azurfa kilo 3,500. Don haka ko an ceto kowane giram daga kowane allo ramukan Zamfara ba za su rufe ba, muddin sha'awar tara zinariya tana nan. Amfanin zinariyar tarkace na haƙiƙa shi ne ita ke biyan kuɗin tanderu da matatar hayaƙi, ta haka tagulla da kuza da faladiyam da sauransu ke samun hanyar dawowa tare da ita. Akwai kuma wata algus da ke fakewa a nan: kamfanin da ya narka ɓurɓushin da ya zube a ɗakin aikinsa ya mayar cikin layi, sannan ya tallata kayansa da cewa da ƙarfen da aka ceto ya yi su, ya sa mai saye ya zaci an rage juji alhali tsohon tarkace ko ɗaya bai taɓa ba. Wanda kuma ke canja waya duk shekara ba bisa bukata ba, yana kwantar da hankalinsa da cewa za a narka tsohuwar, bai fita daga hanin wuce iyaka ba, domin kowane zagaye yana cin wuta da sinadari da ruwa, kuma wani sashe na ƙarfen yana salwanta a hanya.

Wannan salwanta ce ta mayar da tambayar wurin da ba a cika dubawa ba, wato ɗakin da ake zana na'ura tun ba a ƙera ta ba. Zinariya tana dawowa ne saboda tsadarta da kuma halinta na bin tagulla a cikin wuta. Wasu ƙarafan ba su da wannan sa'a: indiyam da ake shafa wa fuskar waya siriri ƙwarai, tantalam da ke cikin ƙananan ma'ajiyar caji, da ƙarafan maganaɗisun lasifika, yawancinsu suna ƙarewa cikin kashin maƙera ko juji, a warwatse ta yadda tattara su ya fi haƙo sababbi wahala. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya duba ƙarafa 60, ya tarar 18 ne kawai ake ceto fiye da rabinsu bayan kaya sun mutu, 34 kuwa ko kashi 1 cikin 100 ba a cetowa. Idan injiniya ya like batir da gam maimakon noti, ya haɗa ƙarafan da ba sa rabuwa a wuta, ya ƙera na'urar da ba ta gyaruwa sai dai a saye sabuwa, to ya yanke wa waɗannan ƙarafa hukuncin zama shara shekaru kafin wani ɗan gwangwan ya tsince su. Malamai sun yi bayani a kan wanda ya ɓata dukiya da hannunsa da wanda ya zama sanadin ɓacinta, suka ɗora lamuni a kan mai sanadi idan ya yi ta'adi ko sakaci. Ƙa'idar tana nan a babin lamuni na kowane littafin fiƙihu, kuma wanda ta fi hawa kansa a wannan sana'a shi ne kamfanin da ya san tun ranar zane cewa abin da ya cakuɗa ba zai sake rabuwa ba, yana da hanyar yin sa ta wata siffa, ya zaɓi wadda ta fi masa araha.